Yadda za ka horar da ma'aikatan banki su gane kuɗin haram kafin ya wuce ta hannunsu

In kai aka ɗora wa shirya tirenin ɗin nan, don Allah kar ka tara kowa a ɗaki ɗaya ka yi ta karanto doka har su fara gyangyaɗi, a sa hannu a takarda a watse. Raba su tukuna, kashiya daban, masu buɗe akawun daban, manajoji daban, don abin da kowa ke gani a teburinsa ba ɗaya ba ne.

FATF, hukumar yaƙi da halasta kuɗin haram da ƙasashen G7 (manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki) suka kafa a Paris a 1989, tana da shawarwari 40, kuma ta 18 ta ce horon ma'aikata abu ne mai ci gaba, ba a yi sau ɗaya a manta ba. To sabon ɗauka a fara da shi kafin ya zauna gaban kwastoma, tsofaffi kuma a riƙa sabunta musu.

Misali shi ne ke zama a kai. Nuna wa kashiya mutumin da ke kawo kuɗi kashi-kashi, kowanne ya ɗan gaza adadin da in an kai shi dole a kai wa hukuma rahoto, yau wannan reshe gobe wancan. Ko akawun da ya daɗe a kwance kwatsam kuɗi masu yawa suka shigo suka fice a yini ɗaya. Mai buɗe akawun kuma koya masa ya tambayi ainihin mai kamfani, in aka fara kame-kame ya lura. Masu manyan muƙaman gwamnati da iyalansu ba laifi suka yi ba, amma sai an san tushen dukiyarsu. Manajoji kuwa tuna musu a 2012 bankin HSBC ya biya hukumomin Amurka kusan dala biliyan 1.9 kan sakaci da wannan harka.

Inda na fi so ka daɗe shi ne nan. Ma'aikaci ba ɗan sanda ba ne, ba sai ya tabbatar ba, zargi kawai ya isa ya kai wa jami'in bin doka na kamfani, kuma ko da wasa kar ya tsegunta wa kwastoma, shawarar FATF ta 21 ta hana, ita ce kuma ta ce a kare wanda ya kai rahoto da zuciya ɗaya. Ku gwada a aikace, ɗaya ya zama kwastoman da aka saba da shi shekara da shekaru, ya jingina da teburin kashiya ya ce "haba malam, ni da kai, me ya riƙe min kuɗina?" Nan za ka ga baki na rawa, kuma gara ya yi rawar a gabanka. A maimaita har amsar ta zauna.

A ƙarshe ɗan gwaji, wanda ya faɗi a sake masa. Ajiye sunan wanda ya halarta da rana da makinsa, masu sa ido in sun zo za su nema.