Masu shirin zuwa Ingila, ga maganar kare

'Yan uwa na Argungu da Birnin Kebbi da kuke ta tambayata kuɗin haya da sanyi, akwai abu guda da ba wanda ya gaya mani kafin in taho, maganar kare ce. Can gida kare na farauta ne ko na gadi, yaro ya gan shi ya duƙa ya ɗauki dutse. To nan don Allah kada ka kuskura, ko ƙafa ka ɗaga kamar za ka shure shi sai ka ga fuskar mai shi ta canza, kuma hukuma na bayansa, suna da dokar kula da dabbobi ta 2006, tun 2016 ma dole a sa wa kowane kare 'yar na'ura ƙarƙashin fata mai nuna ko na wane ne.

Ban gane abin ba sai da na fara aikin kula da tsofaffi a Manchesta. Akwai wata tsohuwa ta haura 80, mijinta ya rasu, 'ya'yan na wani gari sai Kirsimeti, za ta zauna karen ya aza kai bisa ƙafarta tana ba shi labarin mijin, kuma saboda shi take fita safe da yamma, can wajen yawon take samun masu gaishe ta. Tsohuwa a garinmu jikoki ba su barinta ta huta, ita wagga ba ta da kowa sai shi. Ranar da ya mutu ko shayi ta kasa sha, na zauna na yi mata gaisuwa, har raina na ji mata.

Ba na ce ka rungumi kare ba. In ya nufo ka kada ka ruga, tsaya cik ka ce wa mai shi kana tsoro, nan take zai ja igiyar. Kafin ka biya kuɗin ɗaki tambayi ko akwai kare a gidan. Masu niyyar tuƙin tasi ku ji da kyau, ƙin ɗaukar makaho saboda karen da ke masa jagora laifi ne, tara na iya kai fam 1,000 kuma lasin na iya tafiya.

Maganar tsarki kuwa ka tambayi malaminka kafin ka taho, mu a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne har yawunsa. Ni dai ina da wandon salla daban cikin jaka, don hankalina ya fi kwanciya haka.