Yadda ake saka wa waya rariya kafin a miƙa wa yara

Watan jiya Yayata ta kira ni da daddare muryarta wani iri, wai in biyo ta gidanta da safe kafin in wuce shago. Ina zuwa ta ja ni ɗaki ta miƙo min wayarta ta ce "Auta duba min nan, ni na kasa kallo." Ashe ɗanta ne ɗan shekara tara ya karɓi wayar zai nemo katun, ya faɗa irin shafukan nan na sauke fina-finai da ko ina ka taɓa sai wani shafin ya buɗe da kansa, to abun da ya buɗe ɗin ba sai na faɗa ba. Yaron ma tsoro ya ji, ya cusa wayar ƙarƙashin filo ya fice. Ita kuwa har ta tanadi bulala. Na ce Yaya don Allah ajiye bulalar nan, yaron nan bai je nema ba, wayarki ce ba ta da ƙyaure.

A Ingila tun 2013 zamanin David Cameron manyan kamfanonin intanet na gida irin su BT da Sky da TalkTalk da Virgin Media suka yarda za su riƙa tambayar mai gida ko yana son a tace masa abun batsa, shi zai zaɓa ya kunna ko ya kashe. Mu nan kuwa ka sayi layi ka loda data shikenan, ba wanda zai tambaye ka ko akwai yara a gidan. Don haka aikin namu ne, kuma wallahi kyauta ne, ko naira ɗaya ba za ka kashe ba.

Abu na farko da nake yi a kowace waya, kuma shi ya fi komai amfani amma mutane ba su san shi ba, shi ne canza DNS. Kar sunan ya ba ka tsoro. Ka ɗauke shi kamar ɗan kamasho a tasha, kai sunan gari ka sani, shi ke nuna maka motar. Duk sanda ka rubuta sunan shafi sai wayar ta tambayi DNS ina ne wurin, to akwai 'yan kamashon da in aka tambaye su hanyar shafin batsa sai su ce ba mota, shafin ya ƙi buɗewa kawai. Irin su za mu ɗauka.

In wayarka Android 9 ce ko sama da haka, wanda yanzu kusan duk Tecno da Infinix da itel da Redmi da ke hannun mutane sun kai, shiga Settings, a wurin bincike na sama rubuta Private DNS, ya fi sauƙi da ka tsaya lalube don kowane kamfani da lungun da yake ɓoye shi, a Samsung misali yana cikin Connections sannan More connection settings. Za ka ga zaɓi uku, ka taɓa na ƙarshen da ke cewa provider hostname ka rubuta wannan daidai ba tazara ba babban baƙi

family.cloudflare-dns.com

sai ka danna Save. An gama. Na Cloudflare ne, a 2020 suka fito da shi don iyali, yana toshe shafukan batsa da masu cusa wa waya bairos. In kana son gwadawa ba sai ka buɗe ƙazanta da hannunka ba, akwai shafin gwaji da suka tanada, nudity.testcategory.com, in ya ƙi buɗewa to rariya ta zauna.

Ni dai a wayar ƙananan yara na fi son family-filter-dns.cleanbrowsing.org don ya fi tsauri, shi har tilasta wa Google da YouTube yake su koma yanayin tacewa ko yaro ya so ko bai so ba, kuma yana toshe shafukan VPN da yawa, wato manhajojin da ake kewaye toshewa da su. Akwai kuma family.adguard-dns.com wanda ke haɗawa da rage tallace-tallace, kuma ka tuna ta hanyar talla ɗan Yayata ya faɗa rami. Matsalar mai tsaurin ita ce wani lokacin yakan haɗa da shafin da ba ruwansa, in wayar babba ce da ake aiki da ita sai ka ga ya takura. Sannan in wata rana ka hau wayfay ɗin ofis ko otal ka ga waya ta ce ba intanet, kar ka ruɗe ka kai ta gyara, mayar da Private DNS kan Automatic, in ka dawo gida ka mayar da rariyar.

Masu wayfay a gida kuma gara a saka a jikin rauta, wato na'urar wayfay ɗin, gaba ɗaya, duk wanda ya hau har kwamfuta da talabijin ya shiga ciki. Adireshin shiga da faswod suna rubuce a bayanta, ka nemi wurin DNS ka sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3. Wasu ƙananan MiFi ba sa bari a canza, in taka irin su ce sai ka bi waya ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan sai ƙananan saituka, waɗannan minti biyar sun isa. A manhajar Google taɓa hotonka, Settings, SafeSearch, ka zaɓi Filter, kar ka bar shi a Blur don shi dusashe hoton kawai yake, yaro na taɓawa ya washe. A YouTube kuma Settings, General, ka kunna Restricted Mode, zai ɓoye har da kwament, wanda ni a ganina riba ce don zagin da ke ƙarƙashin bidiyo wani lokacin ya fi bidiyon muni. Ƙananan yara kuwa a sauke musu YouTube Kids kawai a huta. A Play Store ma akwai Parental controls cikin Settings ƙarƙashin Family, ka sa lambar sirri ka zaɓi iyakar shekaru, sai dai fa abun da aka riga aka sauke ba zai cire ba, wannan kai za ka bi ka goge.

To yanzu ga inda yawancin bayanan da ake yi ba su dace da gidajenmu ba. Su suna ɗauka kowane yaro da wayarsa. Mu kuwa wayar Umma ce ake miƙa wa yaro don ya yi shiru a samu a ƙarasa tuwo. In haka ne akwai wani abu mai suna App pinning, wasu wayoyin Screen pinning suke rubutawa, yana cikin Security. Kina kunna shi sai ki buɗe masa katun ɗinsa ki maƙale allon a nan, duk danne-dannensa ba zai fita zuwa wani wurin ba sai da lambarki, amma ki tabbata kin kunna wurin da ke cewa a nemi PIN kafin a cire. Da na nuna wa Yaya wannan har tafi ta yi, ta ce dama ko ba komai ta gaji da yadda suke kiran mutane da tura saƙon murya a gurup ɗin dangi. A iPhone sunansa Guided Access.

In kuma yaron yana da tasa wayar ko tablet, Family Link na Google shi ne maganin. Kai ka sauke a wayarka, ka buɗe wa yaron nasa akawun da shekarunsa na gaskiya, don Allah na gaskiya, don abun da ke ɓata komai shi ne a kai waya wurin masu saiti su buɗe imel su rubuta 1990 don a yi sauri, shikenan Google ya ɗauka magidanci ne ya buɗe masa komai. Da Family Link duk manhajar da zai sauke sai ta zo wayarka ka amince, za ka sa ƙarfe nawa wayar za ta kulle da dare, Chrome ɗinsa ba shi da Incognito, wato yanayin da ba ya ajiye tarihin shafukan da aka buɗe, kuma za ka iya cewa shafukan da ka zaɓa kaɗai za su buɗe. Masu iPhone su shiga Screen Time, Content & Privacy Restrictions, su nemi Web Content su zaɓi Limit Adult Websites. In ya kai shiga TikTok akwai Family Pairing da ke haɗa akawun ɗinka da nasa.

Amma fa rariya sunanta rariya, tana da huda, kuma gara ka san su. Opera Mini da muke so saboda tattalin data tana bi ta na'urorin kamfaninta ne ta ɗauko shafi, don haka takan kewaye DNS ɗinka, a wayar yaro a cire ta a bar Chrome. VPN ma haka, kuma tun rufe Twitter da aka yi a Najeriya a Yunin 2021 wayoyi da yawa na ɗauke da VPN da masu su sun manta da shi, ka duba, musamman in tsohuwar wayarka ce ka ba yaron. X, wato sabon sunan Twitter ɗin, da Telegram kuwa ba wurin yaro ba ne kwata-kwata, DNS ba ya ganin abun da ke cikin manhaja, ƙofar kawai yake gadi. WhatsApp ma ba rariyar da ke leƙa saƙonsa, abun da za ka iya shi ne ka kashe Media auto-download cikin Storage and data, sannan a Privacy ka mayar da Groups kan My contacts don kar wani baƙo ya jefa shi gurup.

Wadda ta fi damuna ma ba ta buƙatar data. Xender da Bluetooth da mimori. Yaro ya je islamiyya ko filin ƙwallo aboki ya tura masa cikin minti ɗaya, ko a aike shi wurin masu turi a loda fassarar Indiya a dawo da tsarabar da ba a aika ba. Wannan sai dai ka riƙa buɗe Files da Gallery lokaci zuwa lokaci, a gabansa ba a ɓoye ba, kuma ya san tun farko cewa wayar ana dubawa. Na kuma roƙi Yaya ta faɗa wa nata in ya sake ganin irin wannan ya kawo mata ba duka, don wanda ya san bulala ke jiransa ƙarƙashin filo zai ci gaba da cusawa.

Sai kulle Settings ɗin kansa, in ba haka ba duk wahalar banza ce, ɗan shekara goma sha biyu zai kashe Private DNS kafin ka gama alwala. Yawancin Tecno da Infinix da Redmi suna zuwa da App Lock, ka sa wa Settings da Play Store. Lambar kuma kar ta zama 1234 ko shekarar haihuwa ko wadda ake buɗe wayar da ita. Ranar da na gama wa Yaya saitin na ce ta zaɓi lamba, ta juya baya ta danna, sai ga yaron daga bakin ƙofa yana cewa "Kawu ai na san ta, irin ta ATM ɗinta ce." Dole muka kore shi tsakar gida muka sake wata, ta bankin ma ta ce gobe za ta je ta canza.