Kafin ka sayi bindigar gasar harbin nesa

'Yan uwa, shawarata ga sabon shiga: fara karanta dokar rukunin da za ka fafata. A F-TR, misali, wani rukunin gasar harbin nesa, harsasai samfurin .223 Remington da .308 Winchester kaɗai aka yarda da su.

Idan zaɓi a buɗe yake, ni harsashin 6.5 Creedmoor nake so, wanda kamfanin Hornady suka fitar a 2007. Ba ya dukan kafaɗa sosai, don haka idonka yana kan madubin hangen nesa na bindigar har ka ga inda harsashi ya tada ƙura, ka gyara. Iska ma ba ta karkatar da shi kamar .308. Amma fa yana cin bututun bindiga da wuri. Harsasai masu kaurin 6mm sun fi shi laushi a kafaɗa, sun kuma fi shi cin bututu.

Bututun ya zama mai kauri, inci 24 zuwa 26, don siriri yana saurin zafi, harbi ya fara warwatsewa. Murɗin cikinsa 1:8, wato harsashi ya juya sau ɗaya a kowane inci 8, ya dace da dogon harsashi mai nauyin giren 140 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne).

Makulli kuwa, wato sashen da ke cusa harsashi a bututu ya kulle shi, ɗauki wanda ake ja da hannu, ƙirar Remington 700, kayan canjinsa ba sa wahalar samu.