Yadda za ka yi yini guda a Tring, tsakanin gidan tarihin dabbobi da bakin ruwa

In aiki ko karatu ya kai ka Landan, ware rana ɗaya ka je Tring, wani ƙaramin gari a arewa maso yammacin Landan. Jirgin ƙasa daga tashar Euston ba ya kai awa ɗaya. Sai dai tashar Tring tana wajen gari, don haka ka sa takalmin da za ka iya taka ƙasa da shi, ka riƙe rigar ruwa.

Shawarata ita ce ka fara da gidan tarihin, wanda ke titin Akeman. Walter Rothschild, wani attajiri masanin dabbobi, shi ne ya tara kayan, aka buɗe wa jama'a a 1892, kuma shiga kyauta ne. Kana shiga za ka ga matattun dabbobi da aka adana cunkushe cikin akwatunan gilashi masu katako: jakin dawa, jimina, birai, har da ƙuma da aka yi wa sutura a Meziko, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Kada waɗannan su cinye maka lokaci. Wuce wajen tsuntsayen Birtaniya, ka tsaya. A nan tsuntsu ba ya tashi, ba ya juya maka baya. Dubi tsawon baki, launin ƙafa, zanen da ke saman ido. Ni guda biyar kawai na zaɓa na rubuta kamanninsu a takarda, kuma su ne suka yi mini rana da yamma.

Wani abu ya taɓa ni a can. A 1920 wani Bature mai suna Angus Buchanan ya tashi daga Kano zuwa Asbin yana tara wa Rothschild tsuntsaye da dabbobi. Daga baya, a 1932, aka sayar da yawancin fatun tsuntsayen Rothschild ga wani gidan tarihi a New York.

Bayan azahar ka nufi tafkin Wilstone, ɗaya daga cikin tafkuna huɗu da aka haƙa don shayar da Grand Union, wata hanyar ruwa da aka haƙa wa jiragen ruwa. A hanya ɗaga kai: shirwa mai jan wutsiya tana shawagi, irin wadda aka fara dawo da ita tsaunukan Chiltern na wannan yankin a 1989. A bakin ruwan akwai rumfar katako da ake ɓuya a ciki. Shiga a hankali, kashe ƙarar waya, ka ba idonka minti goma kafin ka ɗaga madubin hangen nesa. Zalɓe zai fara bayyana, tsaye cak a gefen ciyawa, sai agwagin ruwa.

In so samu ne ka je a Afrilu ko Mayu. Lokacin ne 'yan tsattsewa masu ruwan ƙasa ke shawagi dab da ruwa suna cafke ƙwari, bayan sun yi hunturu a yankinmu na Sahel sun ƙetare Sahara. Na zauna ina kallonsu har sanyi ya fara shiga yatsuna, sannan na tashi neman jirgin komawa.