Yadda Ake Gane Inda Manhajar Dannawa Ta Tsaya a Kula da Menfirem

Manyan kwamfutocin IBM Z, waɗanda ake kira menfirem, sun samo asali ne daga System/360 da aka sanar a 1964, kuma har yau manyan bankuna da kamfanonin inshora da na jiragen sama suna dogara da su. Shekara da shekaru ana gudanar da su ta allon 3270, mai nuna rubutu zalla, inda ma'aikaci ke rubuta umarni a manhajojin TSO da ISPF, yana tura ayyuka da JCL, harshen da ake bayyana wa injin aikin da zai gudanar. A 2009 IBM ta fito da z/OSMF, manhajar da ake buɗewa a burauza, mai shafuka da maɓallan dannawa. Ta sauƙaƙa aiki ƙwarai, amma mai kula da z/OS, babban tsarin da ke tafiyar da injin, yana bukatar ya san inda ƙarfinta ya ƙare tun kafin ranar da matsala za ta tilasta masa sani.

Abin farko shi ne ka rubuta duk abin da manhajar ke tsaye a kansa. z/OSMF tana gudana ne a kan Java da WebSphere Liberty, ta hanyar ayyuka biyu masu suna IZUANG1 da IZUSVR1, kuma ba za ta amsa maka ba sai sashen z/OS UNIX ya tashi, TCP/IP yana aiki, manhajar tsaro irin RACF ta yarda da kai, takardar shaidar tsaron haɗi kuma ba ta ƙare wa'adi ba. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, shafin burauza ya tafi tare da shi, alhali a daidai wannan lokacin ne ake fi bukatar gyara. Saboda haka, a gaban kowane abu da ka rubuta, ka ƙara hanyar da za ka bi ka gyara shi ba tare da burauza ba. Ka tuna cewa manhajar 3270 da ke kan kwamfutar teburinka ita ma ta TCP/IP take shiga, don haka idan hanyar sadarwar ce ta mutu, abin da zai rage maka shi ne HMC, na'urar sarrafa injin kanta, inda ake ganin saƙonnin tsarin kuma ake aika masa umarni kai tsaye.

Lokacin tayar da tsarin, wato IPL, shi ne wurin da wannan iyaka ta fi fitowa fili. Kuskuren harafi ɗaya a cikin SYS1.PARMLIB, ma'ajiyar saitunan da tsarin ke karantawa yayin tashi, misali a IEASYSxx ko PROGxx, yana iya sa tsarin ya tsaya yana jiran amsa tun kafin wata manhaja mai hoto ta samu damar tashi. Shi ya sa wuraren da suka san aikinsu suke ajiye ƙaramin tsarin ceto a kan faifai guda, wanda ake tayarwa a shiga a gyara fayil ɗin da ya lalace ta ISPF. Ka tabbata naku yana nan, ka kuma gwada tayar da shi lokaci-lokaci, domin tsarin ceton da aka daɗe ba a taɓa ba yakan kasa ganin sababbin faifai ko ya ƙi karɓar kalmar sirri. Haka nan kowane ma'aikaci ya saba da umarnin duba halin tsarin kamar D IPLINFO da D A,L da D R,L da D GRS,C har ya iya rubuta su ba tare da duba takarda ba.

Daga nan sai ka raba ayyukan yau da kullum gida biyu. Aikin da ake yi sau ɗaya, mai matakai da yawa da sauƙin mantuwa, ya dace da z/OSMF, kuma a wasu wuraren ma babu zaɓi: tun daga 2022, ta z/OSMF kaɗai ake girka ServerPac, kunshin da IBM ke kawo z/OS da manhajojinsa a ciki. Amma aikin da za a maimaita a kan masu amfani ɗari uku, ko a kan sassan inji goma, bai kamata a yi shi da danne-danne ba. A rubuta shi da harshen REXX ko JCL, ko a bi ta Zowe, kayan aikin aika wa menfirem umarni daga wata kwamfuta, wanda aka ƙaddamar a 2018, domin rubutaccen aiki ana iya duba shi kafin a tura, ana iya ajiye shi, wani kuma zai iya maimaita shi daidai bayan shekara. Sai dai a lura cewa yawancin umarnin Zowe ta ƙofofin z/OSMF suke wucewa, don haka ba hanyar ceto ba ce.

Akwai wata matsala da ba ta nuna kanta da wuri. Wasu sassan, kamar Network Configuration Assistant da ake tsara dokokin AT-TLS, wato na tsaron haɗin sadarwa, da shi, suna da ma'ajiyarsu ta daban, daga cikinta suke fitar da fayilolin da tsarin ke karantawa. Idan wani ya gyara fayil ɗin da hannu cikin dare don magance wata matsala ta gaggawa, ma'ajiyar ba ta san an yi ba, kuma ranar da aka sake fitar da fayil daga manhajar, gyaran ya goge. A ganina wannan ya fi faɗuwar shafi haɗari, domin babu saƙon kuskure da zai faɗakar da kowa. Ku yanke shawara a rubuce kan kowane fayil, ko na manhaja ne ko na hannu, ku sa wannan bayani a layin farko na fayil ɗin.

Game da sababbin ma'aikata, a bar su su fara da burauza, amma duk lokacin da manhajar ta samar da JCL, a sa su buɗe shi su karanta kafin su tura, sannan su duba sakamakon a SDSF, manhajar duba ayyukan da aka tura, su faɗi abin da kowace lambar dawowa, wato lambar da ke nuna yadda aiki ya ƙare, take nufi. A kan tsarin gwaji kuma, a tsayar da IZUSVR1 da gangan, a ba su aikin ƙara laburare cikin jerin APF, wato jerin laburaren da tsarin ya amince da su, da umarnin SETPROG, ko ba wani izini da PERMIT a sabunta shi da SETROPTS, a ga wanda zai kammala.