Yadda Ake Noman Kabejin Sin da Danginsa a Ƙasa Mai Sanyi

A kudancin lardin Ontario na ƙasar Kanada, musamman a fadamar Holland Marsh da ke arewa da birnin Toronto, manoman da aka sani da karas da albasa suna ware filaye domin kayan lambun gabashin Asiya, saboda yawan masu cin su a birnin. Manyan cikinsu su ne kabejin Sin mai dogon kai, da pak choi mai farin kara wanda ba ya ɗaure kai, da daikon, wato farar saiwa mai siffar karas amma ta fi shi girma. Dukkansu sun fi yin kyau idan zafi yana tsakanin digiri 15 da 20 a ma'aunin Selshiyas. Wannan ne yake sa sabon manomi ya ɗauka cewa da ƙanƙara ta narke sai shuka, kuma daga nan asararsa take farawa.

Abin da ke faruwa shi ne, idan ƙaramin tsiro ya yi kamar mako biyu cikin sanyin da ke ƙasa da digiri 12, sa'an nan ya shiga dogon yinin watan Yuni, wanda a yankin Toronto yake wuce awa 15, sai ya daina tara ganye ya fitar da sandar fure. Idan aka tsaga kan kabejin gida biyu, za a ga sandar ta riga ta miƙe a tsakiya tun kafin ta leƙo waje, kuma daga wannan lokaci babu dillalin da zai saye shi. Wanda ya saba da noman kabeji a Jos ko a fadamun Kano, inda tsawon yini ba ya yin nisa da awa 12 duk shekara, dole ne ya ajiye lissafin da ya saba da shi.

Hanya mafi aminci ita ce a jinkirta shuka zuwa ƙarshen Yuni har farkon Agusta, domin amfanin ya nuna a lokacin da yini yake raguwa kuma gari yake sanyaya. Ana fara lissafi daga ranar da ake sa ran raɓa za ta fara daskarewa, wadda a kudancin Ontario take faɗowa tsakanin ƙarshen Satumba da tsakiyar Oktoba, a ƙirga baya. Kabejin Sin yana bukatar kwana 60 zuwa 80, daikon 50 zuwa 70, pak choi kuwa 45 zuwa 60, kuma yana da kyau a ƙara mako biyu a kan kowanne, domin saurin girma yana raguwa a watan Satumba. Mai son kai kaya kasuwa da wuri yana iya yin shukar farko, amma da sharuɗɗa: ya zaɓi irin da aka tabbatar ba ya saurin fure, ya raini tsiron mako uku zuwa huɗu a rumfar leda mai ɗumi da ba ta sauka ƙasa da digiri 18, kuma kada ya yi dashe sai ƙarshen Mayu. A yi rainon a faranti mai ramuka, kowane tsiro da ƙasarsa, domin saiwar kabejin Sin ba ta jure tuge. Daikon kuwa ba a dasa shi ko kaɗan, ana shuka shi ne kai tsaye a kunya mai zurfi da aka tsince duwatsunta, in ba haka ba saiwar ta karkace ko ta rabu biyu.

Kafin a zaɓi fili, a bincika tarihinsa. Akwai cutar da ke kumbura saiwar dangin kabeji har ta yi ƙullutu, shukar ta riƙa yaushi da rana ko da ƙasa tana da laima, kuma ƙwayarta tana iya zama a ƙasa fiye da shekara 10. Cutar ta fi ƙarfi a ƙasa mai tsami da riƙe ruwa, saboda haka ana zuba garin farar ƙasa har ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kai kimanin 7.2, ana hutar da fili daga duk dangin kabeji na shekara huɗu ko fiye, kuma ana wanke taɓon tarakta kafin ta shiga wata gona. A ganina wanke taraktar nan ne aka fi yi wa sakaci, alhali kuwa shi ne mafi arha.

Tazarar kabejin Sin ita ce santimita 30 zuwa 45 tsakanin tsiro da tsiro, da kamar 60 tsakanin layuka. Pak choi yana wadatuwa da 15 zuwa 25, daikon kuma da 10 zuwa 15.

Daga ranar shuka ko dashe, a lulluɓe layukan da siririn mayafin gona wanda haske da ruwa suke ratsawa, a danne gefensa da ƙasa. Yana kare ganye daga ƙananan baƙaƙen ƙwari masu tsalle kamar ƙuma, waɗanda suke huda ganye ya cika da ramuka, kuma yana hana ƙudan kabeji yin ƙwai a gindin shuka, inda tsutsarsa take cin saiwa. Ga daikon wannan tsutsa ita ce babbar abokiyar gaba, domin rami ɗaya a jikin farar saiwa ya isa ya kayar da farashinta. Ban-ruwa kuma ya zama a kai a kai, tun da saiwar ganyayen nan ba ta nutsawa da zurfi. Idan ƙasa tana bushewa tana jiƙewa, bakin ganyen cikin kan kabeji yakan ƙone, sai ruɓa ta biyo baya.

Ana yanke kabejin Sin idan an matsa kansa an ji ya yi tauri. Yana jure ɗan daskarewar raɓa, amma a kwashe shi kafin sanyi mai tsanani ya sauka. A yi girbi da safe, a cire ganyen waje da ya lalace, a hanzarta kai shi ɗakin sanyi mai digiri 0 da laima mai yawa, inda zai iya yin wata biyu zuwa uku. Pak choi ba ya wuce kamar mako uku ko da a irin wannan ɗaki, don haka a riƙa shuka shi kaɗan-kaɗan duk bayan kwana 10 zuwa 14, gwargwadon abin da aka riga aka daidaita da mai saye.