Kira ɗaya a mako, ban da zancen addini

'Yan uwa, duk wanda ɗansa ya bar addinin gida, ga abin da muka gwada da ƙanena.

Ku ware rana ɗaya a mako ku kira shi. Ku tambayi aiki, kuɗin haya, cunkoson hanyar Oshodi. Kar ku taɓo addini.

Wanda ya san wa'azi ke jiransa ba zai ɗaga waya ba. Mu wata 8 muka yi ba mu ji muryarsa ba. Yana Ikorodu, muna Agege, sai ka ce wata ƙasa.

Yanzu Hajiya har dambun nama take aika masa. Addu'a kuwa tana yi, tsakaninta da Ubangijinta.

Amma kar ku yi masa kwanton ɓauna, ku tara kawunnansa da malami a falo bai sani ba. Mun yi sau ɗaya. Lamba ya canza.